Kasuwannin Tsaraba a Birnin Madina

Tsakanin Masallacin Annabi da Masallacin Ƙuba akwai hanya ta kamar kilomita 3, wadda yanzu aka mayar ta masu tafiya da ƙafa. Kafin mutum ya isa Ƙuba sai ya bi ta Ranuna. Ranuna sunan wani kwari ne, a cikinsa ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallar Juma'a ta farko a unguwar Banu Salim, shekarar da ya yi hijira, watau 622. Masallacin da ke wurin shi a ke kira Masallacin Juma'a. Alhazan ƙasar Hausa suna bin hanyar nan don ziyara, amma da wuya su komo masauki hannu rabbana, gama kantuna ne dama da hagu, ga kuma jama'a a gida suna jiran tsaraba.

Tsaraba ita ce kyautar da matafiyi ya kan kawo wa 'yan'uwa da maƙwabta. Guzurin alhaji ƙayyadadde ne, masu jira kuwa ba su ƙidayuwa, sabo da haka tilas ya san inda zai sa kuɗinsa.

Mafi araha su ne masu kasa kaya a bakin hanya: carbi, da darduma, da hula, da zobe, da turare. Yawancin kayan nan daga Sin da Turkiyya a ke kawo su, ba abin da ya haɗa su da Madina sai dai a can aka saya. Wannan ba ya damun kowa. Abin damuwa shi ne zoben da aka ce na azurfa ne da dutsen aƙiƙ, a je gida ya yi baƙi, dutsen ashe kwalba ne. Mai kayan kuwa gobe ba ya wurin.

Kasuwar dabino, wadda ke kudu da Masallacin Annabi, dabam ta ke. Can a kan bar mai saye ya ɗanɗana, kanti kuma yana nan inda ya ke. Dabinon da kowa ke nema shi ne ajwa, baƙi ne, gajere, da 'yan layuka farare sirara a jikinsa, shi ya fi tsada. Akwai kuma safawi, shi ma baƙi ne, amma ya fi tsawo, ya fi araha. Baƙo ya kan sayi wannan a madadin wancan. Don haka ne alhazai su kan nemi Hausawa mazauna garin, waɗansunsu jikokin mutanen da suka zo da ƙafa ta Sudan ne, su yi musu tafinta da dillanci. Dillali shi ne mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, ladansa kuwa shi a ke kira la'ada. Amma fa sau da yawa daga hannun mai kanti la'adar ta kan fito, mai hankali ba ya mantawa da wannan.

Inda ido ya fi ruɗin mutum shi ne wajen kayan da. Alal misali liyari, watau kuɗin azurfa mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, wanda ya yi yawo a ƙasar Larabawa da ƙasar Hausa, har mata suka riƙa ratayawa don ado. Kusan kowane liyari da mutum zai gani an rubuta 1780 a jikinsa, shekarar da ta rasu ke nan. Alhali kuwa an ci gaba da buga shi da shekarar nan ɗaya fiye da shekara ɗari biyu, a Biyana, da London, da Bombay, da Roma. Wanda ya ga 1780 ya biya kuɗin tsohon abu, wataƙila wanda aka buga a zamanin kakansa ya saya.

Yanzu irin cinikin nan ya hau intanet. A Saudiyya akwai Haraj, kalmar kuwa gwanjo ta ke nufi. Kowa yana iya sa hoton kayansa, masu so su neme shi kai tsaye. Masu Haraj ba su ganin kayan da ido, kamar dai bakin hanya ne.

Haka kuma kasuwannin da a ke sayar da zane na kwamfuta tare da abin da a ke kira NFT. NFT shaidar mallaka ce da a ke rubutawa cikin wani kundi wanda kwamfutoci da yawa ke riƙe da shi tare, ba mai iya goge ta. SuperRare, wadda aka buɗe a 2018, ta ɗauki halin dillali: sai ta tantance mai zane kafin ta karɓi aikinsa, ta tsara la'adar 15 cikin 100 a cinikin farko, mai zanen kuma ya sami 10 cikin 100 duk lokacin da aka sake sayarwa. Osinachi, ɗan Nijeriya daga Aba, ya sayar a can kafin gidan gwanjo na Christie's ya ɗauki aikinsa a 2021. OpenSea kuwa, ta 2017, ƙofarta a buɗe ta ke ga kowa. Kundin yana nuna wanda ya saya da wanda ya sayar, amma ba ya nuna ko wanda ya fara sa zanen shi ya zana. A watan Janairu na 2022 OpenSea da kanta ta ce fiye da 80 cikin 100 na abubuwan da aka sa ta hanyarta ta kyauta na sata ne, ko jabu, ko tarkacen banza.