Hazon Hunturu: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, mai tafiya daga Bodinga zuwa Shagari kan ga rana ta yi fari fat, har a iya kallonta ido da ido. Wannan hazon da muke kakkaɓewa daga tabarma, akwai masanan sinadaran sararin sama da suka ƙare rayuwarsu a kan nazarinsa.

Yawancinsa daga arewacin Chadi yake tasowa, daga wani kwari mai suna Bodele. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi ƙasar kwarin ta yi sama da ita. Babu wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne asalin ƙurar kanta. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Bodele ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe, ɓawon ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani suka taru suka zama farar ƙasa marar nauyi. Ke nan wani ɓangare na abin da ke sauka a gonakin gero na Sifawa gawar halittun tafki ce.

Ba a nan ƙurar take tsayawa ba. Binciken da Hongbin Yu ya jagoranta a 2015, da bayanan tauraron ɗan'adam na CALIPSO, ya ƙiyasta tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara. Kusan tan miliyan 27.7 na sauka a dajin Amazon, ɗauke da tan 22,000 na fosfaras, sinadarin da manomi ke saye a buhun takin zamani.

A 1832 Charles Darwin ya tattara irin wannan ƙurar a jirgin ruwan Beagle, kusa da tsibiran Cape Verde.

A 1880 kuwa John Aitken na Sikotlan ya nuna cewa tururin ruwa na buƙatar ƙwayar ƙura ko hayaƙi da zai manne wa kafin ɗigon girgije ya haɗu.

Illar ƙurar ma ba ƙarama ba ce. Ƙwayoyin da ake kira PM2.5 sun fi silin gashi siranta sau 30, suna kutsawa can cikin huhu. Lokacin bushewar iska da ƙura ne kuma sanƙarau ke ɓarkewa a yankinmu, kamar yadda Zamfara da Sakkwato suka gani a 2017.

Su wa ke auna ƙurar? Grant McTainsh ya auna ƙurar da ke sauka a arewacin Nijeriya, musamman Kano, ya buga sakamakon a mujallar Nature a 1980, daga baya ya koyar a Jami'ar Griffith ta Ostareliya. A 2005 masana daga Ingila suka yi zango a Bodele da na'urorinsu, a 2006 kuma wani jirgin saman bincike na Birtaniya ya riƙa tashi daga Yamai yana ɗibar samfurin ƙura da hayaƙin ƙonar daji. Yana damuna cewa mu ne masu shaƙar ƙurar, amma fitattun ayyukan na baƙi ne, alhali ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tun 1975, a bakin ƙofar Bodinga.

Hanyar shiga fannin sinadaran sararin sama ba ɗaya ba ce. Paul Crutzen na Holan injiniyan gine-gine ne, ya yi aikin gadoji a Amsterdam. A 1959 ya samu aikin rubuta manhajar kwamfuta a sashen nazarin yanayi na Jami'ar Stockholm, yana aiki yana karatu har ya yi digirin digirgir. Ya yi nazarin hayaƙin ƙonar daji a ƙasashe masu zafi, a 1995 kuma aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, tare da Mario Molina da Sherwood Rowland, saboda aikinsu kan iskar ozon.