Kare Yara: Yadda Wasu Ƙasashe Ke Yi, da Inda Jigawa Ta Tsaya

Idan aka ci zarafin yaro a wani ƙauye na Roni ko Gwiwa, wa za a fara gaya wa? Amsar wannan tambaya ita ce ke bambanta tsarin kare yara na kowace ƙasa.

A Amurka, musamman tun bayan wata dokar tarayya ta 1974, an ɗora wa malaman makaranta da likitoci wajibcin kai rahoto idan suka ga alamar cutarwa a jikin yaro. Hukumar jiha ce ke bincike, in ta kama ta raba yaro da gidansu. Ingila ma, a dokarta ta 1989, ta ɗora nauyin a kan ƙananan hukumomi da ma'aikatan jin daɗin jama'a.

Suwidin da Nowe sun fi ba da ƙarfi wajen tallafa wa iyali tun kafin ɓarna ta auku. Suwidin ce ta fara hana dukan yara a 1979, Nowe kuma ta kafa ofishin mai sauraron koken yara a 1981. Sai dai irin wannan tsari yana cin kuɗi da ma'aikata masu yawa.

Ruwanda ta bi hanyar da ta fi kusa da halinmu. Daga 2012 ta fara mayar da yaran gidajen marayu hannun iyalai, sannan ta sa 'yan sa-kai biyu, mace da namiji, a kowane ƙauye, suna zaga gidaje suna kai rahoto. A Maroko kuwa, kotu ce ke tabbatar da kafala, wato riƙon yaro ba tare da an sauya masa nasaba ba, kamar yadda Musulunci ya tanada.

A Najeriya, dokar haƙƙin yara ta 2003 ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta amince da ita. Jigawa ta samu tata a ƙarshen 2021, lokacin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Dokar tana nan a rubuce, amma 'yar talla a kasuwar Kazaure, da almajirin da aka tsallako da shi iyakar Nijar ta Babura, ba ofishin Dutse suke gani ba. Mai unguwa suke gani, da liman, da malamin makaranta.

Nan ne darasin Ruwanda ya shafe mu. Muna da al'adar riƙo, muna da dagatai da hakimai da 'yan Hisba. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, a rubuta sunan kowane ɗan riƙo da kowane almajiri, a san hannun wa yake.

Saboda haka, idan ka ga yaro a cikin halin cutarwa, sanar da mai unguwa ko 'yan sanda nan take. Fyaɗe kuwa laifi ne na kotu, kada a yarda a kashe maganar a zaure da sunan rufin asiri.