Zoben Fulawa A Kan Rigar Matashi: Wane Zare, Wane Ɗinki?

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a nan Meiganga, ko Ngaundere, ko Garwa, ya san cewa bayan jeren kwanoni babu abin da ke fara ɗaukar idon 'yan kallo kamar zanen gado da rigunan matasai masu aikin fulawa. Daga cikin zane-zanen da matanmu ke ɗinkawa da hannu, wanda ya fi farin jini shi ne zoben fulawa, watau furanni da ganyaye a kewaye, tsakiya kuma a bar shi fili ko a sa sunan amarya. Uwa takan yi wata biyu ko uku tana wannan aiki tsakanin girki da rainon yara. Abin takaici shi ne sau da yawa wanki ɗaya kan ɓata shi, jan zare ya zuba a farin yadi, ko ɗinkin ya tattare. Saboda haka a wannan wata muka ga ya dace mu tattauna da iyayenmu mata da 'yan'uwanmu a kan yadda ake zaɓen zare da ɗinki, domin ranar wanki ce ke nuna gwanar aiki.

Kafin mu shiga bayani, yana da kyau mu tuna cewa allura gadonmu ce. Kakanninmu da suka zo Adamawa fatauci a ƙarni na 19 sun zo da manyan riguna masu aska biyu da aska takwas, waɗanda aka yi wa aiki da tsamiya, wato silikin da ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji. Akwai kuma alharini, jan silikin da ayari ke kawowa daga Tarabulus, wanda Bature Heinrich Barth ya gani a kasuwar Kano a 1851. Abin lura a nan shi ne maɗinkan nan ba su cika launi ba. Riga guda, zare iri ɗaya ko biyu, amma sai ta yi shekaru tana ado. A birnin Zariya, inda a da aka san aikin riga da maza, mata sun shiga sana'ar, har a 1994 wasu suka kafa ƙungiyar ɗinki mai sunan Sarauniya Amina. Wannan darasi na taƙaita launi shi ne na farko da za mu ɗauka.

Zobe guda ba ya bukatar fiye da launi biyar. A zaɓi launi ɗaya ya zama shugaba, a ce ruwan hanta, a ba shi manyan furanni uku ko biyar. A samo masa ƙane mai haske daga danginsa, kamar ruwan hoda, don ƙananan furanni. Ganye kuma a ba shi kore biyu, mai duhu da mai haske, domin kore ɗaya kan sa zoben ya yi kama da fenti. Na biyar shi ne ruwan ɗorawa, ɗan kaɗan, a cibiyar furanni. Wadda ta rasa yadda za ta haɗa, ba sai ta nemi littafin Turawa ba, ta shiga bayan gida ta dubi furen kuɓewa ko na yakuwa: rawaya mai haske, ciki ruwan hanta, ganye kore. Haka kuma furen auduga yakan buɗe da ruwan madara, kashegari ya koma ruwan hoda. Mahalicci ya riga ya haɗa mana launukan.

Sai kuma a yi la'akari da garin da muke ciki. Ƙasar Meiganga ja ce, da rani ƙura ba ta barin farin yadi, da damina kuwa shanya kan kwana biyu ba ta bushe ba. Wannan na nufin wanki da yawa, da kuma daɗewar yadi a jiƙe, wanda shi ne lokacin da rini ke zuba. Don haka kafin a soma aiki a yanki ɗan guntu daga kowane zare, musamman ja da shuɗi da baƙi, a jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, a matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar tabo, a ajiye shi. Shi ma yadin a wanke shi tukuna, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, in an riga an yi ɗinki sai fulawar ta tattare.

Zaren da aka fi amincewa da shi shi ne na auduga mai sili shida, irin na kamfanin DMC na garin Mulhouse a Faransa, wanda tarihinsa ya faro tun 1746. Kowane ƙulli mita takwas ne, kuma kowane launi da lambarsa: 310 baƙi ne, 321 ja ne. A riƙe takardar lambar, kuma a sayi abin da zai isa aikin gaba ɗaya a rana guda, don kada a koma kasuwa a tarar launin ya ɗan bambanta. Tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin kayan Faransa ya ninka, mata da yawa suka koma wa zare mai ƙyalli mai araha. Yana da kyau a ido, amma yana da santsi, kuma ba shi da ƙarfi in ya jiƙe. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Abin mamaki, ga mu a ƙasar auduga, Sodecoton na Garwa tun 1974, amma zaren adonmu daga ƙetare yake zuwa.

Game da ɗinki, iri huɗu sun wadatar. Da farko a kifa faranti a zana da'irar da fensir, a raba ta daidai kamar yadda muke koya wa yara a darasin lissafi, a sa alama inda kowace babbar fulawa za ta zauna. A fara da kara, a bi layin da ɗinkin baya-baya, sili biyu. Ganyaye su biyo, dukkansu suna kallon gefe ɗaya kamar tafiyar hannun agogo, shi ne ke sa zoben ya yi kamar yana juyawa. Manyan furanni a cika su da ɗinkin shimfiɗa, sili uku, zare kusa da zare, amma kada tsawon ɗinki ɗaya ya wuce santimita guda, in ba haka ba ɗan kunne ko farce zai fizge shi. Ƙananan furanni kuwa ɗinkin sarƙa ya ishe su, kowane ido ɗaya ya zama kunnen fure. Ƙulli shi ne na ƙarshe, a cibiya, a naɗa zare sau biyu a kan allura. Amma a rage shi a rigar matashin da za a kwanta a kai, domin yana sukar kunci. Zaren da aka zura a allura kada ya wuce kamu ɗaya, mai tsawo yakan harɗe ya kuma yi gashi.

In an gama, a wanke da ruwan sanyi, ban da ruwan Javel, a shanya a inuwa, a yi guga ta baya a kan tawul don fulawar ta taso.

Yau kasuwanninmu cike suke da zannuwan gado na inji daga Sin, kuma ba mu ce laifi ne a saya ba. Sai dai duk yarinyar da ta iya wannan aiki tana da abin samun kuɗin sabulu da na littafi daga cikin ɗakinta, ba tare da ta ɗauki talla ba. Muna kira ga iyaye mata su zaunar da 'ya'yansu a lokacin hutun makaranta, su fara da ɗan hankici da launi uku. Iyaye maza kuma kada su ji ƙyashin kuɗin zare mai kyau. Allah ya sa albarka a hannuwan matanmu, amin.