Tikitin da Mai Shi Ya Ƙi Fitowa

Ranar 29 ga Disamba 2010 aka fitar da lambobin cacar Hot Lotto a Amurka, tikiti guda ya dace da su duka: dala miliyan 16.5. A wani shagon QuikTrip da ke Des Moines, jihar Iowa, aka saye shi. Hukumar cacar jihar ta zauna jiran mai rabo, watanni suka shuɗe, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Wa'adin karɓa shekara guda ne. Saura ƙasa da awa biyu ya cika, sai ga lauyoyi da tikitin a hannu, suna wakiltar wani asusun amana mai suna Hexham Investments Trust, wanda saiwarsa ke ƙasar Belize. To, a Iowa ba a biya sai an san wanda ya sayi tikiti. Aka ce su faɗi sunansa, suka gwammace su janye a Janairun 2012. Wa zai bar irin wannan dukiya don kada a ji sunansa, in ba wanda aka haramta wa wasan ba?

Abin da ya rage wa masu bincike shi ne bidiyon shagon: wani ƙaƙƙarfan mutum ya rufe kai da hular rigar sanyi, ya sayi abinci, ya sayi tikiti. Fuska ba ta fito ba, amma kyamarar ta ɗauki sauti. Da aka saki bidiyon a Oktoban 2014, ma'aikatan harkar caca suka gane muryar. Eddie Tipton ne, shugaban tsaron bayanai na Multi-State Lottery Association, ƙungiyar da ke fitar wa jihohi da dama lambobi. Shi ne mai gadin na'urar da ke zaɓen lambobin.

An san mai saye, amma yaya ya san lambobin tun kafin su fito? Kwamfutar tana cikin ɗaki a kulle, ba ta haɗe da intanet. Mai gabatar da ƙara, Rob Sand, ya nuna cewa Tipton ya shiga ɗakin ranar 20 ga Nuwamba 2010, kuma a ranar kyamarori daƙiƙa ɗaya kacal suke ɗauka a kowane minti. Kotu ta sami Tipton da laifi a Yulin 2015, ba tare da an ga abin da ya dasa ba. A ganina hujjar ba ta cika ƙarfi ba a lokacin.

Daga baya aka tono tsofaffin nasarori. Ɗan'uwansa Tommy ya samu kaso a cacar Colorado ta 23 ga Nuwamba 2005. Abokinsa Robert Rhodes ya ci ta Wisconsin ranar 29 ga Disamba 2007. Duba ranar nan da kyau, ita ce dai ta Iowa.

Allah ya sa Wisconsin ba ta goge kwamfutar da ta yi amfani da ita ba. A cikinta ƙwararru suka tarar da 'yan layukan umarni da aka cusa. Duk shekara na'urar tana aikinta na gaskiya, sai a ranaku uku, 27 ga Mayu, 23 ga Nuwamba da 29 ga Disamba, in sun faɗo Laraba ko Asabar, bayan ƙarfe takwas na dare. A nan sai ta daina zaɓen kan mai uwa da wabi, ta bi wani lissafi da Tipton zai iya maimaitawa a gida. Miliyoyin haɗin lambobi su dawo 'yan ɗaruruwa, abin da mutum zai iya saye ko ya rarraba wa na kusa da shi. Shi ya sa duk gwajin da aka yi wa na'urar a sauran ranaku ta tsallake lafiya lau.

A 2017 Tipton ya amsa cewa ya murɗe caca a jihohi biyar: Colorado, Wisconsin, Kansas, Iowa da Oklahoma. Aka yanke masa ɗaurin da zai iya kai shekara 25, da biyan diyyar kusan dala miliyan 2.2. An sake shi bisa sharaɗi a 2022.