Yaronku Ya Fara Koyon Busa Kilarinet? Watan Farko Ne Mai Wuya

Ranar da yaronku ya dawo daga makaranta da ɗan baƙin akwati, ya ce an sa shi cikin masu busa, ku shirya kunnuwanku. Abin da zai fara fitowa daga kilarinet tsuwa ce mai tsini, kamar an taka ɗan tsako. A nan ne yara da dama ke ajiye ta, wasu don kunya, wasu don wani babba a gida ya ce, "Kai, ka ishe mu da ƙara!" Ko kai ne malamin, ko ke ce uwar da ke saurare daga tsakar gida, yadda kuka bi da makonnin farko shi ke raba yaron da zai ɗore da wanda zai bari.

Kilarinet ita ce doguwar baƙar abar busan nan mai maɓallai da kuke gani a hannun 'yan badujalar soja da 'yan sanda. Johann Christoph Denner ne ya ƙera ta a Nuremberg ta ƙasar Jamus wajen shekarar 1700, Mozart kuma ya tsara mata shahararren kiɗa a 1791. Ta ƙwararru da baƙin itacen mpingo na Tanzaniya da Mozambik ake yin ta. Amma ɗan koyo, ku saya masa ta roba: ta fi araha, kuma bushewar hunturu ba ta tsaga ta kamar ta itace.

Yawancin malamai kan fara da yaro ɗan shekara 9 ko 10, lokacin da haƙoransa na gaba suka gama fitowa, yatsunsa kuma suka isa rufe kafofin. Idan nauyinta na gajiyar da babban yatsansa na dama, a rataya masa ita a wuya da maɗauri.

Sautin kilarinet daga wani siririn harshen kara yake fitowa, wanda masu busa ke kira rid, ana ɗaure shi a bakinta. Yana da lambobi daga 1 zuwa 5, gwargwadon taurinsa. Ɗan koyo lamba 2 ta ishe shi, don mai tauri zai sa shi nishi ba sauti. A jiƙa shi a baki kafin a ɗaura, kuma a ajiye wasu a gefe, domin da ya ɗan tsage a tsini, ya gama aiki.

Malam, darasin farko kada ka ba shi kilarinet ɗin duka. Gaɓoɓinta 5 ne. Ka haɗa na sama guda 2 kawai. Ya naɗe leɓensa na ƙasa kaɗan a kan haƙora, haƙoran sama su zauna a kan bakin busan, ya shimfiɗe haɓa, sannan ya hura iska mai ƙarfi a tsaye. Yaron da ya saba ganin mai algaita zai so ya cika kumatu. Ka hana shi da lallami: mai algaita yana tara iska ne a kumatu don busarsa ta ƙi yankewa, ita kuwa kilarinet kumatu a matse take so. Ka tsayar da shi gaban madubi ya ga bakinsa da idonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kamun bakin da ya karkace tun farko yana iya cin watanni kafin ya gyaru.

Sai sauti ɗaya ya tsaya na daƙiƙa 8 ko 10 ba rawa, sannan ka haɗa sauran, ku fara da hannun hagu. Sautuka 3 sun isa ya busa 'yar gajeriyar waƙa a makon farko, kuma wannan murnar ce za ta dawo da shi mako mai zuwa.

Idan tsuwa ta fito, kada a yi dariya ko tsawa. Dalilanta sanannu ne: ko yatsa bai rufe kafa sosai ba, ko yana cizo, ko ya tura bakin busan ciki da yawa, ko rid ya lalace. Ku dubi tafin yatsunsa. Idan ya rufe daidai, za ku ga shatin zobe a jiki. Hawa zuwa manyan sautuka kuwa, inda ake danna maɓallin baya da babban yatsa, a bar shi sai bayan watanni.

A gida, minti 15 kullum ya fi awa 2 ranar Asabar kaɗai, domin leɓen ɗan koyo saurin gajiya yake yi. Ku zaɓa masa lokacin da maƙwabta ba sa barci, kuma ba lokacin sallah ko karatu ba. Ya kuskure baki kafin ya fara, in ya gama ya zura ƙyalle ya goge danshin ciki, ya cire rid ya adana. Ranar Juma'a da yamma, ku zauna ya busa muku abin da ya koya, ko da sautuka 3 ne, ku yaba masa.

Akwai mai koyon busa a gidanku? Ku faɗa mana a ƙasa yadda kuka wanye da watan farko.