Motar Haya Mai Lantarki a Birnin Shehu: Ina Za a Yi Caji?

Ba kowa ya san cewa a Sakkwato aka buɗe tashar farko a Najeriya ta cajin motocin lantarki da hasken rana ba. A watan Afrilun 2021 ne hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta ƙaddamar da ita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zamanin da Jelani Aliyu ke shugabancin hukumar. Shi kuwa Basakkwace ne da ya daɗe a kamfanin General Motors na Amurka, inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt. Sai daga baya jami'o'in Legas da Nsukka suka samu tasu. A wancan lokaci litar fetur ba ta kai naira 200 ba, saboda haka abin ya fi kama da kwalliya.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce dubu. Duk mai hawa kabu-kabu ko Keke Napep daga Mabera zuwa babbar kasuwa ya ji a jikinsa. Daga nan maganar motar da ba ta shan mai ta bar zauren malaman jami'a ta shigo majalisar ƙofar gida.

Motar bas mai lantarki ba ta da injin da ke ƙona fetur ko gas. Batir ne babba ke ba wa injin lantarki mai juya ƙafafu wuta. Ba juyen baƙin mai, ba filogi, ba salansa, ba hayaƙi. Idan direba ya taka birki, wani kaso na ƙarfin gudun yana komawa cikin batir maimakon ya tafi a banza, shi ya sa ta fi dacewa da aikin cikin gari na tsaya-ɗauki, tsaya-sauke. Tsadarta a wurin saye take, arharta kuma a kan hanya. Idan tana aiki kullum tana cika da fasinja, a hankali take mayar da kuɗinta. Idan aka jera ta a fili ana jiran ranar biki, asara ce kawai, domin batir yana tsufa ko ba a more shi ba.

Wasu biranen sun yi nisa. Shenzhen ta ƙasar Sin ta mayar da bas ɗinta sama da 16,000 masu lantarki kafin ƙarshen 2017, da tallafi mai kauri daga gwamnati. A Dakar ta Senegal, a 2024 aka fara jigila da dogayen motocin lantarki a kan titi na musamman mai tsawon kilomita 18 daga Guédiawaye zuwa tsakiyar birni, tafiyar da kan ci awa ɗaya da rabi ta koma kusan minti 45. Sai dai a lura, titin da aka keɓe ne ya rage lokacin, batir hayaƙi da kuɗin mai ya rage. Kusa da mu akwai Maiduguri, inda gwamnatin Babagana Zulum ta saka motocin haya masu lantarki a titi tun ƙarshen 2023, kuma matashin injiniya Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir.

To, ga inda gizo ke saƙa a Sakkwato. Babbar bas mai tsawon mita 12 tana cin yunit ɗaya na wuta ko fiye a kowace kilomita, kuma idan na'urar sanyaya ɗaki na aiki cin ya ƙaru. Motar da ta yi kilomita 200 a wuni za ta nemi yunit 200 zuwa 300 kafin gari ya waye. A ce guda hamsin ne, ana maganar yunit dubu goma ko fiye a dare guda. Wutar da ke zuwa birnin kuwa doguwar tafiya take yi, daga Kainji ta bi ta Birnin Kebbi, sannan kamfanin rarraba wuta na Kaduna ya raba ta tsakanin unguwanni, yau ga wannan gobe ga wancan. Idan aka ƙare da tayar da janareton gas don a yi wa motar lantarki caji, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Rana dai muna da ita har ta yi yawa. Matsalar ita ce faifan sola da rana yake ba da wuta, motar kuma da rana take aiki. Ko dai a tsara jigilar ta yadda motoci za su riƙa hutawa bi da bi da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori mutane daga titi, su sha caji a tasha, ko kuma a sayi wasu batura da za su tara wutar yini a juye wa motoci da dare. Na biyun ya fi sauƙin gudanarwa, amma kuɗinsa ba wasa ba ne. Ga kuma zafin bazara da kan wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, wanda ke saurin tsufar da batir idan ba shi da na'urar sanyaya shi. Ƙurar hunturu ma tana lulluɓe faifan sola ta rage masa ƙarfi, sai an riƙa wankewa.

A ganina bai kamata Sakkwato ta fara da manyan motoci don kawai Dakar ta yi ba. Lungunan tsohon gari, wajen Kanwuri da Hubbare, ba su san doguwar bas ba, kuma mutanenmu sun saba a sauke su a ƙofar gida. Abin da motar lantarki ke so shi ne hanya ɗaya sananniya, mai fasinja safe da yamma, mai wurin caji a ƙarshenta. Hanyar Dandima zuwa mazaunin jami'a na dindindin, ƙetaren gulbin Rima, kamar don ita aka yi ta: dubban ɗalibai da ma'aikata ne ke bin ta kullum, kuma can akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da masana hasken rana. Ƙananan bas kaɗan a wannan layi, a riƙa rubuta abin da suka ci na wuta da abin da suka tara na kuɗi tsawon bazara da damina da hunturu, za su nuna gaskiyar lissafin kafin a waiwayi Arkilla ko Kwannawa.

Akwai kuma mutanen da ba a cika tunawa da su a ranar yanke kirtani ba. Ɗan kabu-kabun da bas za ta ɗauke wa fasinjan dogon zango yana da iyali, kuma shi ne zai ci gaba da kai mutane daga tasha zuwa cikin lungu, don haka da ƙungiyarsu ya kamata a zauna tun wajen shata layuka. Bakaniken da ya ƙware a kan kafireta ba zai taɓa batir mai ƙarfin bolt ɗari biyar ko shida da hannu haka nan ba, kuskure ɗaya na iya ɗaukar rai. Duk yarjejeniyar sayen motoci da za a sa wa hannu, ya kamata a rubuta a cikinta shekarun garantin batir, da inda za a ajiye kayan gyara a cikin Sakkwato, da adadin makanikan gari da kamfanin zai horar kafin motar farko ta ɗauki fasinja.