Auna Haske da Wanke Babban Fim na Baƙi da Fari

Babban fim falle-falle yake zuwa, mai inci 4 da 5 ko 8 da 10, kowane falle hoto guda. Wannan ne ya ba mai hoto damar wanke kowane falle daban, gwargwadon hasken wurin da ya ɗauka.

Tushen aikin shi ne, inuwa a wajen ɗauka ake samunta, fari kuwa a wajen wanki ake daidaita shi. Duk inda haske bai ishi fim ba, babu wankin da zai cece shi, dodon hoton zai fito wayam a wurin. Amma wurare masu haske suna ta ƙara kauri muddin fim yana cikin ruwan magani.

Masu hoto Ansel Adams da Fred Archer ne suka tsara wannan a Amurka wajen 1940. Tsarin ya kasa tsakanin baƙi ƙirin da fari fat gida 11, daga 0 zuwa X, kowane mataki ninkin hasken na ƙasa da shi. Na'urar auna haske, duk abin da aka nuna mata, ruwan toka take mayar da shi, wato mataki na V. Don haka akan auna inuwar da ake so a ga abin da ke cikinta, a rage haske mataki biyu, ta sauka a III.

A ɗauki dattijo sanye da farar riga da tsakar rana, bayansa zaure mai duhu. In an ajiye bakin zauren a III, rigar na iya hayewa IX, inda aikin wuyanta zai ɓace sarai. Maganinsa a gajarta lokacin wanki da kamar kashi ɗaya cikin biyar, abin da ake kira N-1: rigar ta dawo VIII, zarenta ya fito, zauren kuwa kusan bai motsa ba. Ranar hazo, da komai ya dushe, sai a tsawaita, wato N+1. Mai lura yakan rubuta alamar N-1 ko N+1 a jikin gidan fallen nan take, domin a ɗakin duhu duk fallayen ɗaya suke.

Lokutan da kamfanoni ke bugawa galibi na ruwa mai digiri 20 ne a ma'aunin Salshiyas. Ruwa mai ɗumi yana gaggauta wanki, shi ya sa a ƙasashe masu zafi ake sanyaya shi da ƙanƙara. A wajen auna haske kuma, idan aka ja zugazugin kyamara har abu ya fito daidai girmansa a fim, sai an ƙara haske mataki biyu.